Na Gwada Maganin Suga Mai Arha a Jikin Aminin Babana

Assalamu alaikum Anti, da ke da masu bibiyar wannan shafi, Allah Ya ƙara lafiya da rufin asiri. Don Allah a ɓoye sunana da lambata. Garinmu ƙarami ne, a Yelwa in ka yi atishawa a bakin ruwa sai wani ya amsa maka daga tasha. Kuma ina roƙon masu saurin yanke hukunci su karanta har ƙarshe kafin su fara jifa. Ban ce kada a faɗa mini gaskiya ba, ita na zo nema. Amma wanda bai taɓa jinyar tsoho mai ciwon suga ba, bai taɓa tsayawa gaban kemis an faɗa masa farashi ya haɗiye yawu ba, ya ɗan sassauta harshe. Abin da na yi da idona biyu na yi shi, kuma mafi yawansa in aka mayar da ni baya zan sake yi. Abu ɗaya ne a ciki yake cin raina, kuma shi ne zai iya raba ni da albarkar mahaifina.

Ni malamar firamare ce, shekaruna talatin da shida, da aurena da yarana uku. Innarmu ta rasu shekara shida ke nan, sai kula da Baba ya dawo kaina, tunda ni kaɗai ce a gari, Yayana yana aiki a Abuja. Sunan mahaifiyar Baba aka sa mini, shi ya sa bai taɓa kiran sunana ba, "Innata" yake ce mini tun ina goye. Baba tsohon matuƙin jirgin ruwa ne, ya fi shekara arba'in yana ɗaukar mutane da buhunan albasa da kwandunan kifi tsakanin Yelwa da ƙauyukan tsallake, har can gefen Ngaski. Ya ajiye inji yanzu, amma bai ajiye bakin ruwa ba. Kullum yana can ƙarƙashin rumfa, kuma har gobe in matuƙa suka ga sama ta canza shi suke tambaya. In ya ce a tafi sai a tafi, in ya ce a jira, ko an cika jirgi sai a sauke kaya. Ku riƙe wannan da kyau: maganar Baba a bakin ruwa ba a musa ta.

Yana da amini, zan kira shi Baba Dogo, ba sunansa ba ne. Wanda bai san tafkinmu ba, akwai kututturan itatuwa a ƙarƙashin ruwa tun lokacin da ruwan dam ya cinye daji, in ruwa ya ja baya suna nan dab da sama amma ido ba ya ganinsu, kuma guda ɗaya ya isa ya farke cikin jirgi. To duk shekarun nan Baba yana baya riƙe da inji, Baba Dogo yana tsaye a gaba da doguwar gora, yana tsomawa yana lalubawa, ya ɗaga hannu dama ko hagu, Baba ya bi. Haka suka tsufa. Ban taɓa ganin an zuba musu abinci a kwano biyu ba. Baba Dogo matarsa ta rasu, ba shi da ɗa a raye, a gidan ɗan ƙanensa yake kwana, amma wuninsa da cinsa duk a gefen Baba ne.

Suga ta fara kama Baba shekara uku da suka wuce, bayan shekara guda ta kama Baba Dogo, kamar ita ma ta san ba a raba su. Likita ya rubuta musu magani iri ɗaya, ƙarfi ɗaya, ƙwaya ɗaya da safe ɗaya da yamma. Yayana ya ce shi ubansa ba zai sha komai ba sai orijina, wanda ake kawowa daga waje a farin kwali, kuma duk wata yana turo kuɗinsa, Allah Ya saka masa. Yatsun Baba sun ƙage, ba ya iya ɓalle ƙwaya daga kati, don haka ni nake ɓalle masa na wata guda in zuba a 'yar kwalba. Sai na ga abu ya ƙi. Magani mai tsada, ana sha, amma Baba yana ramewa, ƙishirwa ba ta barinsa, buta ba ta hutawa, in na gwada shi da 'yar na'urar gwajin suga lamba tana can sama. Na zargi tuwo, na zargi shayi, na zargi masu kawo masa rake. Ashe ba nan take ba. Wata safiya na koma rumfa ɗaukar jakata da na manta, sai na tarar ya zazzage ƙwaya biyu a murfin kwalba, ya jefa ɗaya a baki, ya miƙa wa Baba Dogo ɗaya. Ta yamma ce yake bayarwa. Wata da watanni kowannensu rabin magani yake sha.

Na jira har muka koma gida na ce, "Baba, likita ya ce safe da yamma, kai kuma kana raba shi kamar goro?" Bai ma ji kunya ba. Ya ce, "Innata, shekara arba'in ban ci kihi ni ɗai Dogo shina kallo ba. Yanzu kan ƙwaya za ni hwarawa?" Na ce to a saya wa Baba Dogo mai arha, irin wanda ake bayarwa a asibiti, ni zan saya. Nan fa ya miƙe zaune. Ya ce, "Wanga mai arha? Garin alli na, an dunƙule. Abin da ban sha, ba ni ba Dogo shi. In babu na biyu, mu raba ɗaya." Na kira Yaya na faɗa masa, ya ce shi uba ɗaya gare shi, albashinsa ba zai ɗauki biyu ba. Ban ga laifinsa ba. Amma ku faɗa mini, me kuke so in yi? In zauna ina kallon tsofaffi biyu suna narkewa saboda kara? In ƙwace kwalbar in riƙa ɗura wa Baba kamar jariri, in bar ɗayan ya mutu a gefensa?

Akwai wata mai kemis a gari, ba irin masu teburi ba, ta yi karatun haɗa magunguna sosai. Na je na zayyana mata. Ta ɗauko kwali biyu ta ajiye a gabana, farin nan na Baba da wani mai ruwan ƙasa da ko kyan gani ba shi da shi. Ta ce in bar kallon babban suna, in karanta ƙaramin rubutun da ke ƙarƙashinsa. Na karanta. Kalma ɗaya ce a duka biyun, lamba ɗaya. Ta ce, "Malama, babban sunan na kamfani ne, ƙaramin shi ne maganin. Jabu daban, mai arha daban, kada ki haɗa su." Ta nuna mini lambar rajista, ta kankare wurin da ake kankarewa muka tura saƙo a waya, amsa ta dawo cewa na gaskiya ne. Na ce to me ya sa wancan ya ninka wannan ninkin ba ninki? Ta yi dariya ta ce suna nake saye. Kaina ya yarda da ita a take. Cikina ne bai yarda ba. Na girma ina jin cewa duk abin da ya yi arha akwai abin da aka cire masa, kuma na san mutanen da jabun magani ya kai kabari. Sai na ce a raina ba zan yarda ba sai na gani da idona.

Ga wurin da nake jin kunya, kuma ba zan yi masa kwalliya ba. Washegari da safe na zauna a ɗakina da kwalba biyu iri ɗaya, da katin orijina a dama, katin mai arha a hagu. Ina iya ba Baba mai arhan. Ina iya zuwa in durƙusa gaban Baba Dogo in ce ga abin da nake so in gwada, ka yarda? Ban yi ko ɗaya ba. Abin da zuciyata ta faɗa, kuma na ji ta sarai, shi ne: in akwai cutarwa a cikin abin nan, kada ta fara da Babana. Na zuba orijina a kwalbar Baba, na zuba mai arha a ɗayar, na ɗaura mata jan zare a wuya don kada su cakuɗe. Baba Dogo, mutumin da ya goya ni a kafaɗa ya tsallakar da ni laka zuwa makaranta, shi na zaɓa ya sha mai arha. Na kai musu na ce Yaya ya ƙara kuɗi, yanzu kowa da tasa. Baba ya ɗaga hannu ya yi ta addu'a, ya sa na kira masa Yaya, ya ce, "Allah shi yi ma albarka bisa abin da kay yi muna." Yaya yana can yana ta amin, bai san me ake gode masa a kai ba.

Daga ranar, kullum kafin in wuce makaranta, kafin su sha kunu, ina rumfa. In goge yatsa, in soka, in ɗiga jini, in rubuta. Littafin rubutu na 'yan aji huɗu na samu, na ja layi a tsakiyar kowane shafi, Baba a dama, Baba Dogo a hagu, a saman shafin farko na rubuta da jan biro wane yake shan wane. Kuma wallahi ko a littafin kimiyyar da nake koyarwa ba za a samu gwaji mai tsafta haka ba. Shekarunsu kusan ɗaya, kwanonsu ɗaya, rumfarsu ɗaya, tafiyarsu masallaci tare, har satar shan rake tare suke yi. Bambancinsu kawai abin da ke cikin kwalba. Amma kada ku ɗauka ina jin daɗi. Makonnin farko in Baba Dogo ya yi tari sai gabana ya faɗi. Ranar da ya ce cikinsa yana murɗawa yana yawan zagayawa, ban san sanda na bar aji na hau mashin sai kemis ba, ina cewa na kashe tsohon mutane. Matar ta ce in kwantar da hankali, maganin yakan yi haka in mutum ya fara shan cikakke, kowanne daga cikin biyun, a riƙa sha bayan an ci abinci. Na dawo na titsiye Baba, ashe shi ma kwana uku ke nan yana fama, girman kai ya hana shi faɗa.

Wata uku na yi ina wannan. Lambobin nan suka riƙa saukowa kafaɗa da kafaɗa. Yau na Baba ya fi kyau, gobe na Baba Dogo, ranar da aka yi suna a unguwa suka sha lemo duka biyun suka tashi tare. Na kai su asibiti aka yi musu babban gwajin jini wanda yake nuna yadda suga ta kasance cikin watanni, likita ya duba ya ce duk sun yi kyau, har na Baba Dogo ya ɗan fi. Na fito harabar asibiti na zauna kan benci ina dariya ni kaɗai, hawaye na zuba. Na sani, ni ba likita ba ce, kuma tsofaffi biyu ba su isa hujja ga duniya ba. Amma ni sun ishe ni. Da orijinan ya yi wuya a gari, aka ce sai an aika Kontagora, farashinsa kuma ya sake tashi, ban ko yi shawara da kowa ba na zuba wa Baba mai arha. Wata takwas ke nan shi yake sha. Ya yi ƙiba, yana taka ƙafarsa har kasuwa, yana barci. Kuɗin Yaya kuwa ban ci ko kwabo ba, suna tafiya a kayan gwaji da wake da ganye da takalma masu taushi na su biyun. Wanda zai ce na ci amana ta wannan ɓangaren ya zo ya duba.

To da a nan ta tsaya, da ban rubuto ba, da na tafi da sirrina kabari ina murmushi. Abin da ban lissafa ba shi ne bakin Baba. Mutane sun ga tsofaffi biyu da aka fara yi wa kallon bankwana sun miƙe, dole a tambaya. Shi kuma ya samu wani tsohon farin kwali da ban yar ba, ya ninke shi ya sa a aljihun gaba tare da carbi. Duk wanda ya zauna a rumfa sai ya fito da shi. "Ku diba, wanga shi na magani. Ɗana ka aiko muna shi. Wancan na asibiti ɓata ciki na, kak ku wahal da kanku." Ina tsaye, da jinin yatsansa a kan auduga a hannuna, yana zagin maganin da ya haɗiya minti biyar da suka wuce. Da farko abin dariya yake ba ni. Na manta cewa wannan bakin ne yake cewa a jira, a sauke kaya daga jirgi.

Akwai Inna Kulu, mai bandar kifi a bayan rumfa, ƙawar Innarmu ce, hannunta ya ciyar da mu ba sau ɗaya ba. Ita ma tana da suga, shekara biyu tana karɓar mai arha tana sha lafiya lau. Ta ji Baba, ta daina. Ta ce ba za ta ƙara cusa wa cikinta alli ba, za ta jira sai ta samu halin orijina, kafin nan tana dafa shuwaka tana sha. Ban sani ba sai da na ga tana ɗingishi. Garwashin banda ne ya faɗo mata a ƙafa, ɗan ƙuna kamar ƙwayar wake, mako biyar bai rufe ba, ya fara ruwa, gefensa ya yi baƙi. Duk mai jinyar suga ya san inda wannan hanyar take zuwa. Na zauna kan turmi na ce, "Inna, don Allah ki koma kan maganinki, wallahi ɗaya suke da na Baba, ni na sani." Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ke ɗiyata, kin hi babanki sani? Shi da yash sha yag gani? Karatun boko dai na kai, amma jiki shi ka shaida." Me zan ce mata? In ce jikin da take kafa hujja da shi mai arha ne a cikinsa?

Kun san abin da na yi? Na sayi kwalba ta uku. Na zuba mata mai arha na ce ragowar na Baba ne, na ja ta asibiti aka wanke ƙafar aka ɗaure. Alhamdu lillahi ciwon ya fara haɗewa. Sai me? Sai Inna Kulu ta zama mai shela ta biyu. Duk matar da ta zo sarin kifi sai ta ɗaga mata ƙafa ta ce a ga aikin orijina, kwana goma kacal. Kun ga inda na sa kaina? Duk kwalbar da na cika, na ƙara baki ɗaya da zai yi wa maganin da ya cece shi ƙazafi. Yanzu na san mutum huɗu a bakin ruwan nan da suka ajiye nasu saboda maganar Baba, har da wani mai gyaran komar kamun kifi da idonsa ya fara hazo. Waɗanda ban sani ba fa, na ƙauyukan tsallake da suke jin labari a cikin jirgi? Kwalba nawa zan cika? Jan zare nawa zan ɗaura?

Sai ranar Talatar makon jiya. Baba ya tafi gaisuwar rasuwa, na kai wa Baba Dogo kwalbarsa ta sabon wata da la'asar, na tarar da shi shi kaɗai a rumfa yana ɗinkin wata tsohuwar koma. Ya karɓa, ya zazzage ƙwaya ɗaya a tafin hannu, ya murza ta da babban yatsa, bai ɗago ba ya ce, "Malama, wagga tawa tun watan hwari ba irin ta babanki ba ta." Ya ce wadda Baba yake ba shi a da doguwa ce, da tsaga a tsakiya, wannan kuwa kewayayya ce. Ya ce shi bai iya karatu ba, amma hannun da yake jin kututture ta cikin gora ba zai kasa jin ƙwaya ba. Har ranar da na canza wa Baba magani, Baba Dogo ya sani, don ya ga ƙwayar ta koma irin tasa. Baba ne kawai bai lura ba, shi da ido ya yi rauni, yatsu ba sa ji, daga murfi sai baki.

Na durƙusa a cikin yashi, ban damu da wa yake kallo ba. Na ce, "Baba, me ya sa ba ka yi magana ba?" Ya ci gaba da ɗinkinsa ya ce, "In ce mi? Shekara arba'in ni ka gaba. In akwai kututture ni ka hwara ji. Wurina na kib ba ni." Na fashe da kuka, ya bar ni na yi mai isata. Sannan ya ajiye allurar ya dube ni ya ce, "Abu ɗai yay yi min zahi. Ba ki tambaye ni ba. Babanki bai taɓa tada inji ba sai ya ce, Dogo, ka shirya? Da kin tambaya, da na ce to." Anti, an zage ni a rayuwa, an yi mini gori, amma ban taɓa jin maganar da ta ratsa ni kamar wannan ba, kuma a hankali ya faɗe ta, ba faɗa. Na ce zan je in faɗa wa Baba komai. Ya ɗaga hannu kamar yadda yake yi a gaban jirgi. Ya ce, "Kak ki kuskura. Babanki shina yahe ƙarya, shina yahe kuɗɗi. Amma a ce an zauna an zaɓi wanda za a hwara cutarwa tsakaninmu, kuma Innatai tay yi, wanga ba shi yahewa. Ni na yahe. Ki bar shi nan." Na ce to Inna Kulu fa, da sauran? Ya ɗauki allurarsa ya ce, "Wanga kuma ke ta malama."

Na san abin da wasunku za su rubuta, bari in rage muku wahala. Za ku ce in faɗi rabi, in ce duk mai arha suke sha, in ɓoye wanda na fara da shi. Ba ku san Baba ba. Tambayarsa ta farko ita ce tun yaushe, ta biyu kuma, ke da kike tsoronsa, ya aka yi kika yarda da shi? Kuma ko na tsallake shi, mutanen rumfa ba za su ajiye maganar Baba don maganata ba. Abin da zai juya su ɗaya ne, watanni ukun nan da layi a tsakiya, ɗaya yana shan wannan ɗaya yana shan wancan, lamba tana tafiya tare. Hujjata ita ce laifina, ba yadda zan nuna ɗaya in ɓoye ɗaya. Wasu za su ce in kawo likita ko mai kemis su yi bayani. An yi, a rumfar nan ma'aikacin lafiya ya taɓa tsayawa ya yi ta bayani, yana tafiya Baba ya fito da kwalinsa aka yi dariya. Masu cewa da tun farko ban yi ƙarya ba kuwa, na ji, Allah Ya ba ku lada. Da ban yi ba, da yanzu ana raba ƙwaya ɗaya tsakanin mutum biyu, ko kuma an daina rabawa don ɗaya ya tafi. Ban yi nadamar sayen mai arha ba, ban yi nadamar gwadawa ba, kuma ba zan yi ba ko duk shafin nan ya taru a kaina. Nadamata jan zaren nan ne, da tambayar da ban yi ba.

Abin da ya sa na rubuto yau ban jira ba shi ne, da safen nan na je gwaji kamar kullum. Baba ya miƙo yatsa, ya kawar da kai don har yanzu ba ya son ganin allura, ya ce, "Innata, duk garin ga ke ɗai ni ka miƙa ma hannu ido ruhe." Baba Dogo yana gefensa yana kallon ruwa. Sai Baba ya ce mutane sun dame shi da tambaya, wasu har daga Shanga, shi kuma ba ya iya karanta rubutun kwalin. Don haka ya sanar cewa ranar Juma'a bayan an sauko masallaci kowa mai suga ya zo rumfa, ɗiyarsa malama za ta zo da littafin da take rubutawa, ta karanta musu sunan maganin da lambobin, kowa ya ji da kunnensa abin da ya tashe su. Ya faɗa yana murmushi, yana alfahari da ni.

Yau Laraba. Littafin yana cikin jakata, shafin farko da jan biro. In na tsaya na karanta sunan da ke kan farin kwali, na sa hannuna a kan duk ƙafar da za a yanke a bakin ruwan nan. In na karanta abin da na rubuta, mutane za su koma kan maganinsu, amma zan kunyata Baba a gaban waɗanda ba su taɓa musa masa ba, in karya roƙon tsohon da ya yafe mini ban nema ba, kuma watakila ranar ce ta ƙarshe da zan ji an ce mini Innata. Ina jin na san wanda ya fi zama daidai, ba wauta gare ni ba. Abin da ban sani ba shi ne yadda zan buɗe baki yana zaune yana kallona. Don Allah wanda zai ba ni shawara ya ba ni wadda za a iya yi kafin jibi.

Me zan yi?